Tsirkiyar da Ba Ta Amsa Ba

Ɗana, kai da ka tara kuɗinka ka sayi jita, ka kwana uku kana rungume da ita, yau kuma ga ta jingine a bayan ƙofa ƙura na hawanta saboda kan yatsunka ya yi bororo, matso kusa mu yi magana. Inda kake tsayen nan na taɓa tsayawa, kuma ba don wani bawan Allah ya riƙe hannuna ba, da a nan tawa tafiyar ta ƙare.

Ina ɗan shekara 16 a Zariya a lokacin. A hanyarmu ta makaranta, wajen tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari, akwai wani dattijo mutumin Gana da ke gyaran takalma a gindin darbejiya. Baba Shumeka kowa ke ce masa. A zangon Kumasi ya tashi, saboda haka Hausa a bakinsa take, irin ta mutanen zango. Idan la'asar ta yi sanyi ciniki ya lafa, sai ya soke basilla a jikin fata, ya goge gam ɗin hannunsa da tsumma, ya zaro wata tsohuwar jita daga cikin buhu. Fentinta ya koɗe a daidai inda hannu ke gogarta, har farin katako ya fito. Da yatsa biyu kawai yake kaɗawa. Babban yatsa yana tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri kamar mai daka, manuni kuma yana tsintar sirara. Sai da na girma na san tsohon salo ne na bakin tekun Afirka ta Yamma, wanda ake dangantawa da ma'aikatan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya. A wannan salon Kwame Asare da abokansa suka naɗi "Yaa Amponsah" a Landan a 1928, waƙar da makaɗan hailaif na Gana suka yi ta gini a kan zubinta, kuma shi Koo Nimo na Kumasi ya riƙe har tsufansa. A lokacin ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Na dai san ƙafata ba ta iya wuce gindin bishiyar nan.

Na kusa wata guda ina tsayawa daga nesa kafin ya ce, "Yaro, ido ba ya koya wa hannu. Zo ka zauna."

Ban taɓa jitar ba ran nan. Hannuna na hagu ya kama, ya juya shi, ya dubi faratana, ya miƙo mini rezar da yake fere fata da ita. "Yanke, har ƙasa." Farce in ya yi tsawo shi ke riga tsoka isa katako, sai ya tokare, tsirkiya ta ƙi dannuwa. Duba naka yanzu kafin ka ci gaba da karatun nan.

Washegari ya ɗora mini ita a cinya. Tsirkiya shida ce, ana ƙirgawa daga siririyar da ke ƙasa, ita ce ta ɗaya, zuwa mai kaurin da ke sama, ta shida. An gicciya wa wuyanta ƙananan ƙarafa, filin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuma Baba gida yake kiransa, kamar gidan dara. Kod kuwa, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa akor, shi ne ka danne wasu tsirkiyoyi a wasu gidaje yadda in ka kaɗa su tare sautuka uku ko fiye za su haɗu su zauna lafiya da juna. Na farko da ya ba ni Em ne. Yatsan tsakiya a tsirkiya ta biyar gida na biyu, yatsan zobe a ta huɗu gida na biyu, shi ke nan. Na sauke babban yatsan dama a kan shidan gaba ɗaya. Ɗana, har gobe in na rufe ido ina jin wannan sautin. Ya fito da nauyi da sanyi kamar hadari na haɗowa daga gabas, katakon yana kaɗawa a jikin haƙarƙarina. Sai Baba ya kama manunina ya ɗora a tsirkiya ta uku gida na ɗaya, ya ce in sake. Nan take sautin ya washe, kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Em ya zama E. Na ɗaga yatsan, duhun ya dawo. Na mayar, ya sake washewa. Na yi haka ya fi sau ashirin, shi kuma yana ɗinkinsa yana murmushi.

Bayan 'yan kwanaki ya ƙara mini Am, sannan ya nuna mini wata hikima da nake so ka riƙe: daga Am zuwa C yatsa ɗaya ne kawai ke tashi. Na zobe shi ke barin tsirkiya ta uku ya haura ta biyar a gida na uku, manuni da na tsakiya suna nan inda suke. Duk lokacin da za ka sauya kod, fara neman yatsan da ba ya bukatar motsi, ka bar shi ya zama turke. Ni ba ni da jita a gida, don haka na sami guntun katako na ja masa layi shida da biro, na gicciya huɗu, ina danna Am da C a kansa da daddare har barci ya ɗauke ni.

Ran Asabar na zo da ƙarfina. Na kama C, na rafka mata hannu har masu wucewa suka waiwayo. Baba bai ɗago daga takalmin da yake ɗinki ba. Ya ce, "Ɗaya-ɗaya."

Na kaɗa ta biyar, ta amsa. Ta huɗu ta amsa. Ta uku ta ce tuf, kamar an jefa tsakuwa a yashi. Ta biyu ta yi zuu irin na ƙuda a kwalba. Ta ɗaya kuwa ko uffan.

"Biyar ka kira, biyu suka amsa. Ina sauran?"

Sai a sannan ya ajiye takalmin. Ya nuna mini yatsana na tsakiya ya kwanta yana shafar ta uku, shi ya kashe ta. Manunina ya zauna a tsakiyar gida nesa da ƙarfe, shi ya sa ta biyu ke zuu, cikinsa kuma ya jingina da ta ɗaya ya toshe mata baki. Ya ce in lanƙwasa yatsun kamar ina riƙe da ƙwai, in danna da tsinin yatsa, in matso dab da bayan ƙarfe ba tare da na hau kansa ba, babban yatsa kuma ya koma bayan wuyan jitar ya daina leƙe ta sama. Mako biyu cur ban kaɗa C gaba ɗaya ba. Sai dai in kama, in kira su ɗaya-ɗaya, in gyara wadda ta ƙi, in saki, in girgiza hannu, in sake kamawa.

Wannan shi ne abin da ya sa na zaunar da kai. Idan ka rafka hannu da ƙarfi, tsirkiyoyin da suka amsa suna rufa wa waɗanda suka mutu asiri. Kai za ka ji ƙara ka ɗauka kiɗa ne, abokanka su ce ka iya. Kunne kuwa yana sabo da abin da ake ba shi kullum, hannu ma duk abin da ka maimaita masa shi zai haddace, bai san daidai da kuskure ba. Na zauna da mutanen da suka shekara goma suna kaɗa jita, C ɗinsu har yau tsirkiya uku ke magana a ciki, kuma ba sa ji. Gyara su ya fi koya wa sabon shiga wuya nesa ba kusa ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku 'yan yanzu jarabawarku ta fi tamu. Waya na hannunka, kwana biyar da fara koyo zuciya za ta ce ka ɗauki kanka ka watsa a Facebook a yaba maka. Ɗauki kanka, na yarda, amma don ka saurara kai kaɗai, da kunnen da ba ya jin kunyarka. Inda ka ji tuf, tsaya a wurin. Kada ka wuce kod ɗin da tsirkiyarsa ɗaya ba ta amsa ba don ɗokin na gaba.

Batun ciwon yatsa kuma, kowa da ka gani yana kaɗawa ya bi ta nan. Bororon zai lafa, fatar ta yi kanta, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu in ana taɓawa kullum. Minti 15 kowace rana ya fi awa uku ran Lahadi amfani, don kanta da hannu duka maimaici suke so. Kada ka ɗauki jita bayan wanka ko wanki, fatar ta yi laushi, tsirkiya za ta yanka ta. Kuma yawancin masu koyo suna danna fiye da kima. Gwada wannan: danna tsirkiya ɗaya, ka riƙa sassautawa kana kaɗawa har ta fara zuu, sannan ka ƙara ƙarfi kaɗan. Iyakar abin da take bukata ke nan, sauran duk wahalar da kai ne. Amma ka bambanta zafin kan yatsa da ciwon wuyan hannu ko gaɓa. Na farko haƙuri yake so. Na biyu in ya zo, ajiye jitar ka huta, ka nemi wanda ya iya ya duba yadda kake riƙo.

Wani lokacin ma laifin na jitar ne. Duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe a gida na 12. In ta wuce milimita 3 sosai, ko gwani zai sha wuya, sai ka kai wa mai gyara ya rage tsayin abin da tsirkiyoyin ke hawa. Hunturunmu yana busar da katako har ya tsage shi, don haka kada ka bar ta a rana ko cikin mota a rufe. Tsirkiyar roba ta fi ta ƙarfe sauƙi a yatsa, amma jitar da aka ƙera don roba kada ka kuskura ka ɗaura mata ta ƙarfe, jan ya fi ƙarfinta, zai ɓalle mata gadar da tsirkiyoyin ke ɗaure a kai ko ya lanƙwasa wuyan. Kuma kullum ka saita kafin ka fara. Manhajar waya za ta taimake ka, amma ka koyi yi da kunne yadda aka koya mana: ta shida a gida na biyar ta yi daidai da ta biyar a sake, haka za ka bi su har ƙasa, ban da ta uku, ita a gida na huɗu ake danna ta don a saita ta biyu. Ranar da caji ya ƙare kunnenka na nan.

Kada dai rashin jita mai tsada ya zame maka hujja. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa tasa ta farko, ƙungiyar kuma ta ci kyautar Grammy a 2012. Mdou Moctar na Nijar shi ma da wayar keke ya ƙera tasa, kuma a nan Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008. Idan kana ganin yatsunka ne gajeru ko masu rauni, ka tuna Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa masa yatsan zobe da ƙaramin yatsa na hagu a 1928 yana ɗan shekara 18, ya sake koyo da biyun da suka rage har ya zama abin koyi a Turai da Amurka. Ke ma 'yata, in ke ce ke karanta wannan, Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a Nijar a kan jitar ɗan'uwanta ta koya, ta kuma zaga duniya da ita.

Da na sami Em da Am da C da G da D, sai na ga ai na gama. Baba ya ce in sauya daga G zuwa D yana saurare. Na kaɗa G sau huɗu, na tsaya, na jera yatsu, na kaɗa D. Ya girgiza kai. "Mai rawa zai tsaya da ƙafa ɗaya a sama yana jiranka?" Ya sa na kwantar da hannun hagu a kan tsirkiyoyin duka don su yi shiru, ya ɗauki gudumarsa yana buga ƙusa a dugadugin wani takalmi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ni kuma ina bin gudumar da hannun dama, ƙasa da sama, babu kod ko ɗaya. Yinin ranar haka ya ƙare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a jita hannun da masu koyo ke rainawa shi ne mai gidan. In hagu ya makara, dama ya ci gaba da tafiya, hagun ya cim masa a hanya. In kullum yana makara, to ka yi sauri da yawa ne, rage gudu har sauyin ya shiga ba tare da tsayawa ba, ko da tafiyar hawainiya ce. Ka saurari Ɗanmaraya Jos, Allah ya jiƙansa. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, babu wani kod da za a haɗa a kai, amma ka taɓa jin bugunsa ya yi tuntuɓe? Saurari kalangun da ke bayan Shata, ka bi su da hannun dama. Makarantar da ta fi wannan ba ta cikin waya.

Tunda na ambaci waɗannan, bari in ƙara maka abu ɗaya da sai daga baya na gane shi. Kod ɗin nan baƙi ne a wurinmu. Kiɗanmu na gurmi da garaya da kukuma bin murya yake yi, muryar kuma tana bin karin harshe. Hausa tana da hawa da sauka a kowace kalma. Kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, sauti ne ya raba su. Ranar da za ka ɗora waƙar Hausa a kan G da C da D, in kod ya ja muryarka ƙasa a inda kalma ke son sama, Bahaushe zai ji kamar baƙo ne ke magana. Fara faɗin kalmomin da baki yadda kakarka za ta faɗe su, ka nemo karin a tsirkiya ɗaya, sannan ka zaɓi kod ɗin da ya yarda da shi. Makaɗan Agadas da yawa sukan daɗe a kan kod guda suna zagaya shi, kuma ba wanda ya ce kiɗansu ya gaza.

Akwai maganar gida. Labari ya kai wa mahaifina, Allah ya gafarta masa, cewa ana ganina a tasha da jita. Ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce a zuriyarmu babu maroƙi. Na gaya masa gaskiyar inda nake zuwa da abin da nake yi, ban rage komai ba. Bai ce mini ƙala ba. Kwana biyu sai ya ɗauki wani takalminsa da ya ɓalle ya tafi gindin darbejiyar da kansa. Yana zaune ladan ya kira la'asar, ya ga Baba ya mayar da jitar cikin buhu tun kafin a kai ƙarshen kiran, ya ɗauki buta. Da ya dawo ya kafa mini sharaɗi uku: ba kiɗa a lokacin salla, ba shiga gidan giya da sunan kiɗa, kuma ranar da sakamakon makaranta ya faɗi, ranar jita ta ƙare. Malamai sun yi maganganu a kan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta, ni kuma ban isa in yanke maka hukunci ba. Abin da zan ce maka shi ne kada ka koya a ɓoye. Je ka gaya wa iyayenka da bakinka kafin wani ya riga ka, ka bar su su ga wanda ke koya maka da inda kake zama. In sun kafa sharaɗi, riƙe shi da hannu biyu.

Saura F. Kowane mai koyo yana da ranar da zai gamu da shi, kuma a nan da yawa ke ajiye jita. Manuni ɗaya ake so ya kwanta a gida na ɗaya ya danne tsirkiya shida, sauran yatsu uku kuma su yi nasu aikin a gaba. Na yi wata biyu ina fama. In ta ɗaya ta amsa ta biyu ta mutu, in na matse ta biyu babban yatsana ya ƙage.

Ina cikin wannan aka shiga Janairun 1983, aka ba baƙin da ba su da takardun zama wa'adin mako biyu su bar Nijeriya. Mutanen Gana suka yi ta ɗaure kaya. Na je na tarar Baba ya sayar da bencinsa, guduma da basilla suna cikin wata jaka. Ya miƙo mini buhun. Ya ce, "Mota ba ta da wurin jita." Na rasa abin faɗi, sai na ce, "Baba, ai ban iya F ba tukuna." Ya zauna a kan tushen bishiyar, ya ce in kama. Ya murza manunina kaɗan ya koma kan gefensa, wajen ƙashi, inda babu taushin tsoka. Sannan ya ja hannuna gaba ɗaya zuwa gida na biyar, inda tsirkiya ta fi laushi. "Fara daga nan. In shida sun amsa, koma gida na huɗu. Kada ka sauka sai sun amsa." Ya ɗauki jakarsa, na raka shi har inda manyan motoci ke lodi. Ban sake jin labarinsa ba.

Na bi gidajen nan kamar yadda ya ce. Na biyar ya ɗauke ni kwana goma, na huɗu da na uku ba su ja ba, na biyu ya riƙe ni har zafin bazara. Sai da ruwan farko ya sauka, wani dare ina zaure ni kaɗai da fitilar ƙwai, na kwantar da manuni a gida na ɗaya na fara kira. Ta shida ta amsa, ta biyar, ta huɗu, ta uku. Na riƙe numfashi. Ta biyu ta fito tas, ta ɗaya ta biyo ta. Na miƙe da jitar a hannu har na kai bakin ƙofa kafin na tuna babu wanda zan je in gaya wa.

Da safe duk da haka na tafi gindin darbejiyar. Wani mai rake ne ya kafa baronsa a wurin. Ya ga na zauna a kan tushen bishiyar na zaro jita daga buhu, ya ce, "Samari, wa kake jira?" Na ce masa ba kowa. Na kama F, na kaɗa masa shidan ɗaya-ɗaya.